GA MASU GUDUN ASUBA: ABIN DA NA KOYA A AUNA GAME DA CIWON ƘWAURI

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi ya karanta da dare.

Duk wanda ke kwana a Danfodio ko Suleiman ko ICSA ya sani, da zarar an ce an buɗe shafin neman aikin soja, ko NDA, ko ɗan sanda, to washegari bayan sallar asuba titunan Samaru sai su cika da 'yan gudu. Mutumin da ko bene zai hau zuwa lakca sai ya huta a tsakiya, shi za ka gani ya ɗaure kambas ya nufi dam. Satin farko kowa da kuzarinsa. Sati na biyu an fara ɗingishi. Sati na uku ɗaki ya gauraye da warin man zafi, kana tambayar mutum lafiya, ya ce maka ƙwaurinsa ne kamar an buga masa taɓarya. Abokai kuma su ce masa: "Daure malam, jiki ne yake buɗewa." Wani lokacin gaskiya ne. Wani lokacin kuma ƙashi ne yake kuka.

Ni ɗan Auna ne, ƙaramar hukumar Magama, masarautar Kontagora a jihar Neja. Ina karantar motsa jiki da kiwon lafiya, kwas ɗin nan da wasunku ke mana tsiya kuna cewa mun zo jami'a buga ƙwallo. Ba komai, mun yafe. Amma yau ku bari ɗan ƙwallo ya yi muku lakca, domin abin da zan faɗa yana iya zama sanadin da wani ba zai rasa damarsa ta shekara guda ba.

Mu fara da lissafi. Duk sanda ƙafarka ta sauka ƙasa kana gudu, ƙasa tana mayar maka da ƙarfin da ya kai nauyin jikinka sau biyu zuwa uku. Idan kilo 60 ne da kai, kowane taku kamar an ɗora wa ƙafa ɗaya kilo 150 ne. Mai sassarfa yana yin taku kusan 1,000 a kilomita ɗaya, wato gudun kilomita biyar taku wajen 5,000 ke nan. Ƙashi yana iya ɗaukar wannan, har ma ƙarfi yake ƙarawa, da sharaɗin a ba shi lokaci. Kowane gudu yana barin 'yan ƙananan tsage-tsage a cikin ƙashi waɗanda ido ba ya gani, jiki yana gyara su lokacin hutu. Inda matsalar take, zuciya da huhu suna sabawa da gudu cikin 'yan makonni, shi kuwa ƙashi watanni yake buƙata. Sai ka ji numfashinka ya daidaita, ka ƙara nisa, alhali ƙashin ƙwauri bai gama biyan bashin jiya ba. Daga nan ciwon ƙwauri yake farawa, idan aka yi masa taurin kai ya koma tsagewar ƙashi.

Bayan yawan gudun, akwai yadda ake saukar da ƙafar. Mafi yawanmu mun ɗauka gwanin gudu shi ne mai dogon taku. Sai mutum ya wurga ƙafa can gaba, gwiwa a miƙe sanɗal, dunduniya ta caki ƙasa nesa da jikinsa. Wannan kamar mai babur ne yana jan mai yana taka birki lokaci guda. Girgizar tana bi ta dunduniya ta haye ƙwauri ta isa gwiwa. Kuma abin haushin, mai yin haka bai san yana yi ba. Ka ce masa "kana dukan ƙasa", ya rantse maka shi a hankali yake takawa.

A nan ne maganar na'urar da ake ɗaurawa a jiki ta shigo. A cikin wayar da ke hannunka yanzu akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi, ita ce take juya allon waya idan ka kwantar da ita, ita ce kuma take ƙirga maka taku. Masu bincike sun ɗauki irinta suka ɗaure a ƙasan ƙwauri, sama da idon sawu kaɗan, tana auna ƙarfin girgizar da ƙashi ke sha a kowane taku, tana nuna wa mai gudun nan take. A 2011 Harrison Crowell da Irene Davis a Jami'ar Delaware ta Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da 'yan gudu 10 masu saukar ƙafa da ƙarfi. Suka ɗora su a kan injin gudu, ga allo a gabansu yana nuna girgizar kowane taku, aka ja layi aka ce kada ta haura nan. Zama takwas aka yi cikin mako biyu, daga minti 15 ana ƙarawa har 30. Girgizar ta ragu da kusan rabi, kuma da aka dawo da su bayan wata ɗaya, sabon takun yana nan.

Abin da ya fi burge ni a gwajin nan shi ne dabarar janye na'urar. A zama huɗu na farko allon yana kunne daga farko har ƙarshe. A huɗu na ƙarshe sai aka riƙa rage lokacin da yake kunne, har mutum ya koma yana jin abin a jikinsa. Kamar yadda ake koya wa yaro keke ne: ka riƙe masa sirdi, kana bin sa, sai ka saki bai sani ba. Idan ka riƙe har abada, ranar da ba ka nan zai faɗi.

Bayan wannan an yi babban gwaji a Hong Kong, aka wallafa a 2018. Sabbin 'yan gudu 320 aka raba gida biyu, kashi ɗaya aka yi musu irin wannan horo na mako biyu a kan injin gudu mai auna ƙarfin taku, ɗaya kashin suka yi gudunsu kawai. Aka bi su shekara guda. Waɗanda aka horar, kashi 16 cikin 100 ne suka ji ciwo. Waɗanda ba a horar ba, kashi 38. A Jami'ar Ghent ta Beljiyam kuma, Pieter Van den Berghe da abokan aikinsa sun fitar da abin daga gaban allo suka mayar da shi kunne. Na'urar tana ƙwauri, mai gudu yana jin kiɗa a iyafis. Idan ya sauka da ƙarfi sai shuuu irin na rediyon da ta ɓace tasha ya rufe kiɗan, idan ya sassauta sai kiɗan ya fito tas. Ba wanda ya ce masa yi kaza, kunnensa ne ke koya wa ƙafarsa. Girgizar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

To, duk wannan a can ne. Mu dawo gida.

Dogon hutun da ya wuce na je Auna na tarar da ɗan baffana yana shirin sake neman aikin soja. Bara ya je tantancewa, ya wuce awon tsawo da na ƙirji, aka zo gudu, bai kai ƙarshe ba ƙwaurinsa ya riƙe. Ya dawo gida ya yi shekara yana taya Baffa noma. Ku da kuka san ƙauye kun san abin da aikin nan yake nufi ga gida irin namu: albashi duk wata, kuɗin taki, kuɗin makarantar ƙanne. Shekarunsa kuma suna tafiya, aikin yana da iyakar shekaru. Baffa ya kira ni bayan magariba ya ce: "Kai da ka ce karatun gudu kake yi a Zariya, ga ƙanenka nan." Ban tsaya gyara masa sunan kwas ɗin ba, na ce to Baffa, in sha Allahu.

Washegari da na fito, su huɗu na tarar, ya gayyato abokansa. Kayan aikina: wayata, iyafis ɗaya, da wani ɗan agogon Oraimo mai ƙirga taku. Na'urar ƙwauri irin ta Delaware kam babu ita a Auna. Amma ainihin dabarar ai ba na'urar ba ce, a nuna wa mutum abin da jikinsa ke yi a daidai lokacin da yake yin sa, sannan a janye a hankali. Wannan kuwa ana iya yi da abin da ke hannu.

Ranar farko ban gyara wa kowa komai ba. Na sa su gudu a kan burji bakin gari, na tsuguna a gefe na ɗauke su bidiyo, muka zauna gindin mangwaro muka kalla a hankali. Da ƙanen nawa ya ga yadda yake wurga ƙafa, sai ya riƙe baki ya ce: "Yaya, wallahi ni ne wannan?" Gani ya kori ji. Sannan muka ƙirga taku. Abu ne mai sauƙi: ka ƙirga sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, ka ninka sau huɗu. Nasa ya ba da 39, wato taku 156 a minti.

Dalilin ƙirgar shi ne wani bincike na Bryan Heiderscheit a Jami'ar Wisconsin, shi ma na 2011, da 'yan gudu 45. Ya nuna cewa idan mutum ya ƙara yawan takunsa da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba tare da ya ƙara sauri ba, takun yana gajarcewa, ƙafa tana sauka kusa da jiki, nauyin da gwiwa ke sha yana raguwa sosai. A ƙarin kashi 10, abin da gwiwa ke shanyewa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Za ku ga ana yawo da lamba 180 a intanet kamar wata doka. Asalinta wani koci ne mai suna Jack Daniels da ya ƙirga takun gwanaye a gasar Olamfik ta 1984, mutanen da ke gudu kamar iska. Kai mai sassarfa bayan asuba ba dole sai ka kai can ba. Ka ɗora kashi 5 a kan naka, shi ke nan.

Kashi 5 a kan 156 ya ba mu 164. Na sauke manhaja ta kyauta mai buga ƙas-ƙas-ƙas daidai lambar da ka sa mata, na saita 164, na sa masa iyafis a kunne ɗaya. Kunne ɗaya fa na ce, domin ɗan acaɓa ba ya jiran kowa, kuma da halin tsaron da yankinmu yake ciki ba mai hankalin da zai toshe kunne biyu a bayan gari da duku-duku. Ba ma yin nisa, kuma sai gari ya fara wayewa muke fita. Agogon yana hannunsa yana nuna masa ko takun ya kai. Na'ura ta uku ita ce kunnuwanmu. Na ce musu duk wanda na ji faf-faf ɗin ƙafarsa daga inda nake tsaye, shi zai sayi ƙosai. Wannan doka ta fi duk wani bayani aiki. Akwai ma binciken da ya nuna cewa ce wa mutum ya yi gudu shiru kawai yana rage ƙarfin saukar ƙafarsa.

Ɗayansu yana da tsalle a gudunsa, kansa na sama yana ƙasa kamar mai sukuwa. Na ce masa ya tuna 'yan matan Fulani masu tallan nono ranar kasuwa, ƙwarya cike a ka, suna sauri, ko ɗigo ba ya zuba. Na ce ka ɗauka ƙwaryar tana kanka. Sauran suka yi ta masa dariya suna kiransa mai nono, amma tsallen ya ragu.

Mun bi tsarin zama takwas ɗin, sai dai mun shimfiɗa shi a mako uku, kwana ɗaya gudu kwana ɗaya hutu. Huɗun farko ƙas-ƙas yana kunne duk tsawon gudun. Na biyar na riƙa kashewa ina kunnawa. Na bakwai sai minti biyun farko da biyun ƙarshe. Na takwas wayar tana aljihuna, na ƙirga masa da ido, ya ba da 41, wato 164 cif. A kwanakin farko ya yi ta mita cewa gudun ya zama kamar na tsohuwa, yana jin kamar ba ya tafiya. Da muka duba lokaci, daidai yake da na da. Zuwa ƙarshen hutu yana gama kilomita huɗu ba tare da ya tsaya yana murza ƙwauri ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka an samo laya. Akwai abubuwa uku da dole in faɗa.

Na farko, nauyin da ka ɗauke daga wani wuri, wani wurin yake komawa. Ɗaya daga cikin yaran da ya ji an ce shiru, sai ya koma gudu a kan yatsu kamar mai sanɗa. Kwana uku sha-raɓarsa da agararsa suka ɗaure, ko tsugunawa alwala da ƙyar. Sai da ya huta, muka koma yana sauke tafin ƙafa gaba ɗaya, dunduniya tana taɓa ƙasa. Ko a gwajin Hong Kong an ga haka: ciwon gwiwa da na tafin ƙafa sun fi yawa a waɗanda ba a horar ba, amma ciwon agara da na sha-raɓa a waɗanda aka horar suka fito. Wasu za su kawo maganar Abebe Bikila na Habasha da ya ci gudun fanfalaki a Rum a 1960 ba takalmi, ko binciken Daniel Lieberman na 2010 a kan 'yan Kenya da suka tashi suna gudu ƙafa ba takalmi, waɗanda yawanci gaban ƙafa suke fara saukewa. Gaskiya ne. Amma su tun suna yara ƙafarsu ta ginu a haka. Kai da ka shekara goma a cikin takalmi, kada ka tashi rana ɗaya ka ce kai ne Bikila a kan kwaltar Samaru.

Na biyu, na'ura ba ta ganin cikin ƙashi. Wasu masu bincike a Jami'ar Vanderbilt sun nuna a 2019 cewa ƙarfin da ƙasa ke mayarwa ba shi ne cikakken ma'aunin nauyin da ƙashin ƙwauri ke ɗauka ba, domin mafi yawan nauyin daga jan da tsokar ƙafa ke yi wa ƙashin yake zuwa. Wato agogonka yana iya nuna maka lambobi masu kyau alhali kana cutar kanka da yawan gudu. Agogon hannu ma taku da bugun zuciya yake ƙirgawa, ba ya auna girgizar ƙwauri. Saboda haka gyaran taku ba ya maye gurbin hutu da ƙara nisa sannu a hankali.

Na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni. A cikin huɗun nan akwai wanda ciwonsa ya bambanta. Na sauran ya bazu ne a tsawon gefen ƙwauri, kuma yana lafawa idan jiki ya yi ɗumi. Shi nasa wuri ɗaya ne, yana iya ɗora yatsa a kai ya ce nan, yana ƙaruwa da gudu, har da dare yana masa zugi. Na ce ya yi tsalle a kan ƙafar ɗaya, ya kasa. Na ce masa: "Ƙanena, wannan ya fi ƙarfina, kuma ba na mai ɗori ba ne. Gobe ka hau mota zuwa Kontagora likita ya duba ka." Ya yi fushi da ni sosai, ya ce so nake ɗan gidanmu ya samu shi ya rasa. Sai da yayansa ya sa baki ya tafi. Likita ya hana shi gudu na makonni, tantancewar bana ta wuce shi. Har yau idan na tuna fuskarsa ranar da ya dawo raina yana sosuwa. Amma tsagewar ƙashi idan aka ci gaba da gudu a kanta tana iya zama karaya sosai, kuma wanda ya rasa bana da ƙafarsa lafiya yana da baɗi.

'Yan uwa mata na Amina da Ribadu masu fitowa gudu, da masu shirin sansanin bautar ƙasa, wannan ya shafe ku ƙwarai, domin tsagewar ƙashi ta fi samun mata. Idan kina gudu sosai kina rage abinci har al'adarki ta fara ɗaukewa, wannan alama ce jiki ba ya samun abin da zai gyara ƙashi da shi, ki ga likita. Mu ma maza 'yan tsarin 0-1-0, masu gudun kilomita biyar a kan garin kwaki da sukari, mu ji tsoron Allah. Wake, ƙwai, nono, kifi, gyaɗa, zogale, duk wanda aljihu ya iya.

Ga wanda zai gwada, a taƙaice:

1. Ka sa abokinka ya ɗauke ka bidiyo daga gefe, ka ga inda ƙafarka take sauka.
2. Ka ƙirga takunka a minti, ka ƙara kashi 5 cikin 100, ba tare da ƙara sauri ba.
3. Ka sa ƙas-ƙas a kunne ɗaya, ka fara da minti 15.
4. Ka saurari ƙarar ƙafarka. Shiru, amma ba a kan yatsu ba.
5. Daga zama na biyar ka fara kashe wayar, zuwa na takwas ka yi babu ita. Ranar tantancewa ba wanda zai bar ka da iyafis.
6. Hutu tsakanin kwanaki, kuma ka riƙa haɗawa da fili ko burji, ba kwalta kullum ba.
7. Ciwo wuri ɗaya da ke hana ka tsalle a ƙafa ɗaya, asibiti.

Kuma don Allah a fara da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya san yana da niyyar Depot ko NDA baɗi, yanzu ne lokacinsa, ba ranar da aka fitar da sunaye ba.

Ina roƙon 'yan injiniya da 'yan kwamfuta da ke neman abin furojet su duba wannan. 'Yar na'urar jin motsi, ɗan batir, bulutut, da manhajar da za ta yi ƙara idan girgiza ta haura layi. Ku haɗa, mu kuma mu kawo muku 'yan gudu da za a gwada a kansu. Mai sha'awa ya yi mini magana ta inbos, da gaske nake.

Wanda ya taɓa fama da ciwon ƙwauri ya faɗa mana a ƙasa yadda ya yi da shi, kuma ku turo wa duk wanda kuka san yana shirin tantancewa. Allah Ya ba masu nema sa'a, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya zaunar mana da yankunanmu lafiya, mu kuma Ya fitar da mu jarabawar semistan nan ba kariyoba. Amin.